Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙungiyoyin sa kai: ku koma ku duba abin da kuka ƙaddamar

Zuwa ga shugabanni, sakatarori, masu riƙe da baitulmali da sauran mambobin ƙungiyoyin sa kai masu yi wa al'umma hidima.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi muku sannu da ƙoƙari.

Roƙo guda ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma gara in faɗe shi tun da fari. Kafin kwamitinku ya zauna zaɓen sabon aikin bana, ku ware rana ku fita da ƙafafunku, ku bi duk wani abu da ƙungiyarku ta ƙaddamar a shekaru biyar ko goma da suka wuce. Rijiyar burtsatse, ajin da aka gyara, kujerun da aka kai makaranta, banɗakin da aka gina, itatuwan da aka dasa, na'urar da aka kai asibiti. Ku rubuta wanne ke aiki, wanne ya raunana, wanne ya mutu. Ku karanta wa mambobi rahoton a zaman farko, sannan ku cire kuɗin gyara kafin ku taɓa kuɗin sabon aiki.

Ba raina aikinku na yi ba. Mutum ya tashi daga wurin sana'arsa a gajiye, ya je taro, ya biya kuɗin ƙungiya daga aljihunsa, ranar hutunsa kuma ya fito yashe magudanar ruwa ko jigilar marasa lafiya zuwa wurin gwajin ido, babu albashi, sau da yawa babu ko na gode. Wanda bai taɓa shirya gangamin ba da jini ba, bai san yawan wayar da ake bugawa da alƙawarin da ake saɓawa kafin mutum ashirin su kwanta a ɗebi jininsu ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware muku ranar 5 ga Disamba tun shekarar 1985, kuma kun cancanta. Sai dai abin da ke damuna yana nan cikin tsarin da kuke aiki da shi, kuma mutanen kirki ma tsari kan karkatar da su ba tare da sun lura ba.

Yawancin ƙungiyoyi irin naku wa'adin shekara ɗaya suke ba shugaba. Haka abin yake a Rotary, babbar ƙungiyar sa kai mai rassa a ƙasashen duniya, wadda Paul Harris da abokansa uku suka kafa a Shikago ranar 23 ga Fabrairun 1905, haka yake a takwararta Lions, wadda Melvin Jones ya assasa a wannan birni a 1917. Dukansu ranar 1 ga Yuli suke miƙa ragama, kuma ƙananan ƙungiyoyi da dama sun kwaikwayi wannan tsari ko da ba su da alaƙa da su. Tsarin yana da amfani babba: babu mai kankane kujera ya mayar da ƙungiya tasa, kuma mutane da yawa na samun horon shugabanci. Amma ku dubi wata goma sha biyun nan ta idon sabon shugaba. Watanni biyu ko uku na farko sun tafi wajen kafa kwamitoci da sauya sa hannu a banki. Watanni biyu na ƙarshe na shirin miƙa mulki ne da walimar bankwana. Abin da ya rage masa a tsakiya kaɗan ne, kuma yana so ya bar abin da za a ce a zamaninsa aka yi. Sabuwar rijiya tana zuwa da allo mai ɗauke da sunansa da shekararsa, da manyan baƙi, da hoto. Sauya robar famfon da shugaban shekaru huɗu baya ya haƙa ba ta zuwa da komai. Ba sai mutum ya zama mai son a sani ba kafin ya zaɓi na farkon. Wanda zai gaje shi ma haka zai yi, kuma kowannensu da zuciya ɗaya. A ƙarshe ƙungiya ta tara alluna goma, ayyukan da ke ƙarƙashinsu kuwa babu wanda ya san halin da suke ciki.

Ruwa ne ya fi nuna wannan a fili, don haka bari in daɗe a kansa. A 2009 wata cibiyar ƙwararru kan samar da ruwa a karkara, RWSN, ta tattara alƙaluman ƙasashe ashirin na Afirka kudu da Sahara, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 36 cikin ɗari na famfunan tuƙa-tuƙa ba sa aiki. Nazarin da ya biyo baya ya sauko da adadin zuwa wajen kashi 22. Ko da ƙaramin adadin muka ɗauka, famfo ɗaya cikin biyar ne ko fiye yake tsaye a bushe a kowane lokaci. Abin takaicin shi ne galibi ba ruwan ƙasa ne ya ƙare ba. Famfon hannu inji ne da ɗaruruwan hannuwa ke jijjigawa daga asuba zuwa dare. Robar da ke cikin silinda tana cinyewa, ƙusoshi na kwancewa, sandunan ciki na tsatsa ko su karye, bututu na tsagewa. Wannan duk sananne ne tun ranar da aka kafa shi, kamar yadda aka san mota za ta buƙaci juyen mai. Gyaran ƙanƙani ne idan aka kwatanta da kuɗin haƙa. Amma ranar da famfon ya tsaya, tambayoyi uku ne ke tasowa, kuma ba a amsa su ranar ƙaddamarwa ba: wa zai kira makaniki, da wane kuɗi, kuma ina ake samun kayan gyaran? Mutanen unguwa na ganin allon ƙungiya, sai su ce na ƙungiya ne, su jira. Ƙungiya kuwa ta riga ta rubuta a rahotonta cewa ta miƙa wa al'umma. Hukuma ba ta ma san da shi a lissafinta ba. Mata da yara su koma inda suka saba ɗibar ruwa, allon kuma yana nan tsaye da fentinsa.

Kada ku ce ƙananan ƙungiyoyi ne kaɗai ke faɗa wa wannan rami. Akwai wani famfo da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu mai suna PlayPump, lilon juyi ne na yara da aka haɗa da famfo, yara na wasa ruwa na hawa tanki. Kowa ya gani sai ya burge shi. Bankin Duniya ya ba shi lambar yabo a 2000, a 2006 kuma uwargidan shugaban Amurka ta lokacin, Laura Bush, ta sanar da tallafin dala miliyan 16.4 domin yaɗa shi, aka sa burin kafa 4,000 kafin 2010. Da aka koma dubawa, sai aka tarar yara sun gaji da juyin, mata ne ke tura lilon da hannu, wasunsu tsofaffi. Kuɗin guda ɗaya ya kai wajen dala 14,000, ya ninka na famfon hannu sau da yawa, idan ya lalace kuma mutanen gari ba su iya gyara shi. A wasu wurare a Mozambik an cire famfunan hannu ne aka sa shi ba tare da an tambayi masu ɗibar ruwan ba. Jaridar Guardian ta Ingila ta yi lissafi a 2009 cewa sai yara sun yi wasa awa 27 a kowace rana kafin a cimma yawan ruwan da aka yi alƙawari. Masu kuɗin nan ba mugaye ba ne, kuma ba jahilai ba ne. Hoton ya yi musu kyau, suka yi gaba ba su waiwaya da wuri ba.

Dashen itatuwa ma haka yake, kuma ba sai na tsawaita ba. Ranar 11 ga Nuwamban 2019 Turkiyya ta dasa itatuwa miliyan 11 a yini guda. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ma'aikatan gona da gandun daji ta ƙasar ta ce mafi yawan waɗanda ta duba sun bushe saboda an dasa su ba a lokacin da ya dace ba, gwamnati kuma ta musanta. Ko waye mai gaskiya a cikinsu, gardamar kanta ta nuna cewa ƙidayar da ta dace ita ce ta bayan shekara. Idan ƙungiyarku ta dasa ɗari biyar, ku gaya mana nawa suka tsallake ranin farko, wa ya ba su ruwa, wa ya yi musu shinge.

Sai aikin lafiya na yini ɗaya, wanda kusan kowace ƙungiya ke alfahari da shi. A kafa rumfa, likitoci da ma'aikatan jinya su ba da lokacinsu kyauta, jama'a su yi layi, a auna hawan jini da suga, a raba magani, yamma ta yi a naɗe. Amfaninsa na gaske ne: a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya biliyan 1.28 masu shekara 30 zuwa 79 na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Duk wanda kuka gano kun yi masa alheri. To amma hukumar nan dai ta ce ba a tabbatar da cutar sai an auna a ranaku biyu daban-daban, kuma ciwo ne da ake shan maganinsa har ƙarshen rayuwa. Kun gaya wa dattijo jininsa ya hau, kun ba shi ƙwayoyin sati biyu, rumfa ta tashi. Sati na uku fa? Idan babu takardar tura shi wani asibiti da kuka riga kuka yi magana da su, babu rajistar sunaye da lambobin waya, babu wanda zai kira shi bayan wata guda, to kun ƙara masa fargaba a kan ciwon da yake da shi. Gara ku duba mutum ɗari ku bi sawunsu har shekara, da ku duba dubu ku manta da su kafin a kwashe kujeru.

Kayan da ake tarawa a raba su ma suna buƙatar a sake tunani. Tattara tsofaffin tabarau aiki ne da ke faranta ran mai bayarwa, amma wani bincike da aka wallafa a 2012 a wata mujallar likitocin ido ya duba tabarau 275 da aka bayar, ya tarar kashi 7 cikin ɗari ne kawai ke da amfani, kuma idan aka haɗa wahalar tantancewa da jigila, kowane guda mai amfani ya ci fiye da dala 20, ya fi sabo tsada. Magunguna sun fi haka haɗari. Bayan girgizar ƙasar Armeniya a 1988, an aika tan 5,000 na magunguna da kayan asibiti, har sai da mutum hamsin suka shafe wata shida kafin su gane me aka kawo, wasu sun lalace tun kafin su iso, da yawa kuma rubutun jikinsu ba wanda ke iya karantawa. Irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ba da kyautar magani a 1996, ciki har da cewa maganin ya kasance wanda aka nema, kuma ya rage masa aƙalla shekara guda kafin wa'adinsa ya cika. Kafin ku karɓi kwali daga wani kamfani da ke son rage kaya a rumbunsa, ku kira mai kula da magunguna na asibitin da za ku kai, ku tambaye shi.

Hatta jini, wanda babu mai shakkar amfaninsa, yana da lokaci. Jan ƙwayoyin jini kwana 42 suke yi a ajiye idan sun daɗe, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini kuwa wajen kwana biyar. Idan kowace ƙungiya ta tara gangaminta a ranar 14 ga Yuni saboda ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, ma'ajiyar jini za ta cika a mako guda, bayan wata biyu ta koma neman taimako. Ku tambayi ma'aikatan wurin watannin da suka fi shiga ƙunci, ku sa ranakunku a nan. Ku kuma riƙe jerin mambobi da abokai da rukunin jininsu, waɗanda za a iya kira da tsakar dare idan mai haihuwa na zubar da jini. Wannan jerin ba shi da bikin ƙaddamarwa, amma ban san aikin da ya fi shi ceton rai a kan kuɗi kaɗan ba.

Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto muku shi ne tarihin ƙungiyoyin sa kai ɗin kansu ya nuna hanyar fita. Babban abin da aka san Rotary da shi a duniya shi ne yaƙi da cutar shan inna, kuma wannan aiki ya saɓa wa al'adar sabon shugaba sabon aiki gaba ɗaya. A 1979 suka ɗauki alƙawarin shekara biyar na yi wa yara miliyan 6 rigakafi a Filifin. A 1985 suka kafa shirin PolioPlus, suka sa burin tara dala miliyan 120, kafin 1988 suka tara miliyan 247. A wannan shekarar ta 1988 aka kafa gangamin duniya na kawar da cutar tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, lokacin cutar na shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. An sa ran gamawa a shekarar 2000, ba a gama ba. Shekaru suka yi ta wucewa, shugabanni suka zo suka tafi, wasu mambobi suka gaji suna tambayar yaushe za a huta, amma ba a saki ba. Indiya ta ga mai cutar na ƙarshe a Janairun 2011. An ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a Agustan 2020. Yau Afganistan da Pakistan ne kawai suka rage da ita, adadin masu kamuwa ya ragu da fiye da kashi 99 cikin ɗari. Shugaba nawa ne a ƙananan rassa ya kashe shekararsa yana tara kuɗin aikin da ba shi ya fara ba, ba kuma shi zai gama ba?

Lions ma haka. A 1925 Helen Keller, wadda ba ta gani ba ta ji, ta tsaya gaban babban taronsu a Cedar Point da ke jihar Ohio, ta nemi su ɗauki yaƙi da makanta. Shekara ɗari ke nan suna kan wannan, har suka kafa shirin SightFirst a 1990, wanda ya ɗauki nauyin aikin yanar ido ga miliyoyin mutane da horar da ma'aikatan ido. Kiwanis kuwa, wata ƙungiyar sa kai irinsu, ta haɗa kai da UNICEF daga 1994 kan ƙarancin sinadarin aidin, ta shafe shekaru a kai. Ba ina cewa ku kwaikwayi girmansu ba. Ƙungiya mai mutum talatin ba za ta kawar da cuta daga duniya ba. Amma tana iya cewa makarantar nan guda ɗaya tamu ce har shekara biyar, rufinta, banɗakinta, ruwanta da littattafanta, ko waye shugaba.

Ga yadda nake ganin za a yi. Littafi guda, ko shafi a kwamfuta, da ke ɗauke da kowane aiki: inda yake, shekararsa, ɗan kwangilar da ya yi, wanda ke kula da shi yanzu da lambar wayarsa, da ranar da wani mamba ya gan shi da idonsa na ƙarshe. Wannan littafi a miƙa shi ga sabon shugaba a bainar jama'a tare da sauran kayan ofis. Sannan a sa a kundin tsarin ƙungiya, ba a bar shi ga ra'ayin shugaba ba, cewa wani kaso na duk kuɗin da aka tara na gyara ne, ba a taɓa shi don sabon aiki. Ku kuka san aljihunku, ku za ku yanke kason. Kuma kada a haƙa ko a gina komai sai an zauna da waɗanda za su yi amfani da shi an rubuta wa ke da alhakin me, an horar da mutum biyu daga cikinsu kan ƙaramin gyara, an tabbatar kayan gyaran ana samunsu kusa. Na ce biyu don ɗaya kan yi ƙaura.

Tambayar mutane kafin a fara ma ba ƙaramin abu ba ne. Tun daga Yulin 2018 gidauniyar Rotary ba ta ba da babban tallafinta na ayyukan jin ƙai sai reshen da ke nema ya nuna ya binciki buƙatar al'ummar tukuna. Idan har sai da aka mayar da shi sharaɗi, to alama ce an sha tsallake shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai a kula da wanda ake tambaya. Idan shugaban unguwa da shugaban makaranta kaɗai kuka gani, za ku ji buƙatar ofis da katanga. Ku tambayi matan da ke ɗibar ruwa, da 'yan matan da ke daina zuwa makaranta saboda babu makewayi mai ƙofa, da mai keken guragu da ba ya iya hawa matakalar asibitin da kuka yi wa fenti. A nan ne ma ƙungiya mai mata a kwamitinta ta fi samun gaskiya. Manyan ƙungiyoyin nan sun makara a wannan fanni, sai a 1987 Lions ta fara karɓar mata a matsayin cikakkun mambobi, Rotary kuwa sai da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 kafin ta sauya dokarta a 1989. Ku ba ku da dalilin maimaita wannan jinkiri.

Na san abin da ma'aji zai ce: masu ba da gudummawa ba sa buɗe aljihu don gyara, sabon abu suke so. Akwai gaskiya a ciki, amma ina ganin an fi zargin masu bayarwa da wannan fiye da yadda aka gwada su. Ku je wa attajiri da takarda mai cewa rijiyoyi shida muka haƙa, huɗu na aiki, biyu sun tsaya, ga abin da ya lalace, ga kuɗin tayar da su, ga yawan gidajen da za su koma shan ruwa mai tsabta cikin mako biyu. Ɗan kasuwa ya san lissafi. Zai gane cewa da kuɗin sabuwar rijiya ɗaya ana iya tayar da matattu da yawa, kuma zai fi yarda da ƙungiyar da ta iya faɗin abin da ya lalace mata. Wanda kuma ba ya bayarwa sai an rubuta sunansa, ku rubuta masa: wane ne ya gyara, a shekara kaza. Allo ba shi da tsada.

Wani zai ce mambobi za su gundura, matasa musamman, domin gyara ba ya tayar da tsimi. Ni kuwa ina ganin abin da ya fi kashe wa matashi gwiwa shi ne a kira shi jera kujeru da ɗaukar hoto, a hana shi yanke shawara. Ku ba reshen matasanku zagayen nan da na roƙa tun farko. Suna da waya, sun iya ɗaukar hoto da alamar wuri, ba su da kunyar tsohon shugaban da aikinsa ya lalace. Su kawo rahoton, su tsaya su karanta shi, a ba su kason gyaran su riƙe, su kawo rasit.

Akwai kuma dukiyar da kuke da ita wadda ta fi kuɗin asusunku, kuna barinta a banza. A cikinku akwai injiniya, akwai lauya, akwai akanta, akwai malami, akwai wanda idan ya buga waya ofishin hukuma za a ɗauka. Aikin al'umma na farko da aka san reshen Rotary na Shikago da shi, a 1907, banɗakunan jama'a ne a tsakiyar birni, kuma babban abin da suka yi shi ne tara sauran ƙungiyoyin gari su matsa wa mahukunta lamba har aka gina. A 1930 George Bonham na reshen Lions da ke Peoria a jihar Illinois ya kawo shawarar ba makafi farar sanda mai jan ratsi domin direbobi su gane su. Ba a tsaya kan raba sanduna ba, a ƙarshen shekarar majalisar birnin ta kafa dokar ba mai farar sanda hanya. Sandar itace kan karye, dokar kuwa ta yaɗu zuwa wasu garuruwa. Idan asibitin unguwa ba shi da ma'aikacin dare, kwali goma na safar hannu ba zai magance ba, amma wasiƙa mai sa hannun mutum talatin masu mutunci, da tawagar da ke komawa duk wata har a amsa, na iya yi. Injiniyan cikinku ya duba aikin ɗan kwangila kafin a biya shi kuɗin ƙarshe. Akantan ya koya wa kwamitin rijiya yadda ake riƙe littafin kuɗi.

Tun da na ambaci kuɗi, ku riƙa bayyana lissafinku ga jama'a, ba ga mambobi kaɗai ba. Abin da ya shigo, abin da aka kashe a kan aiki, abin da aka kashe a kan taro, riguna da walima, kowanne a layinsa. Babu laifi ku ci ku sha tare, zumunci na cikin abin da ke riƙe ƙungiya, amma a yi shi da kuɗin mambobi, kuɗin da aka roƙa da sunan marayu ya tafi ga marayu. Ƙungiyar da ta raba asusun nan biyu ta huta da rabin tsegumi.

Sai batun hoto, a taƙaice. Mabuƙaci bai sayar muku da fuskarsa ba don ya karɓi buhu ko keken ɗinki. Ku nemi izini, ku karɓi a'a idan an ce a'a, yara kuma kada a sa fuskarsu da sunansu a Facebook ko WhatsApp ba da yardar iyaye ba. Mai ba da gudummawa rasit da adadi sun ishe shi shaida.

Ga wanda zai karɓi ragama a wannan karo, ranka ya daɗe, na san kana da aikin da ka daɗe kana mafarkinsa, kuma ban ce ka jefar da shi ba. Ka dai sa zagayen a watan farko, kafin kasafi ya wuce. Ka gayyaci tsofaffin shugabanni su raka ka, kowa ya nuna nasa, domin su ne suka san ɗan kwangila da inda takardu suke. Idan rahoton ya fito, ku liƙa shi inda kuke liƙa sanarwar taro, ku sa shi a shafinku na intanet da ranar da za a fara gyaran farko. Mu da muke zaune kusa da ayyukan nan a shirye muke mu nuna muku hanya, mu kuma ba da namu kason idan aka faɗa mana nawa ne da hannun wanda za a damƙa.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da haɗin kai.

Wassalam.

Naku,
Wani mai bibiyar ayyukanku, mai yi muku fatan alheri.